Ɗan Kunnen da Ke Ƙarƙashin Faranti na Huɗu

Ko zan manta ranar da aka zaɓe ni shugabar ƙungiyarmu, ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tauna tsakuwa a gaban baƙuwa ba.

Mu tara ne, matan unguwarmu a nan Lafia, masu turara shinkafa. Muna sayo shanshera daga Adogi, kowa ta turara a gidanta, ta shanya, ta kai inji, sannan mu haɗa buhuna mu sayar tare. Ni ko firamare ban ƙarasa ba, amma Allah Ya ba ni baki, kuma bakin nan ne ya sa aka zaɓe ni. Ban daɗe da hawa ba aka kira mu wata bita ta yini ɗaya kan shugabanci. Na dawo da takardun da ba na iya karantawa, da magana ɗaya da ta zauna min a kai: doka ba ta duba fuskar kowa.

Sai na ƙirƙiro tawa dokar. Duk wata kowa ta kawo gwangwani ɗaya na shinkafarta, sakatariyarmu Ladi ta dafa kowace daban, ba rege, ta zuba a farantai iri ɗaya. Don kada a san mai ita, kowa ta cire ɗan kunne ɗaya ta ba Ladi, ita kuma ta ɓoye shi ƙarƙashin farantin. Ni ce mai ɗanɗanawa. Wadda aka samu tsakuwa a tata, buhunta ba zai shiga namu a watan ba. (Kwana uku ina yi wa maigidana bayanin wannan dabara. Shi dai “to” kawai yake cewa.)

Daga nan na zama sufeto. Ni da ko ƙofar gida ba na son leƙawa, sai ga ni gida-gida ina faɗa: a shimfiɗa tamfol, kada a shanya a ƙasa. Har nawa tamfol ɗin na ara wa wata don ta ga misali. Tawa shinkafar kuwa, na share simintin tsakar gida sama-sama, na baza ta a kai, na fita duba na mutane. Simintin duk ya farfashe, na sani. Na ce ai ni ce.

Ana haka wata Hajiya mai gidan abinci a Abuja ta aiko cewa za ta riƙa ɗaukar shinkafarmu duk wata, in ta ga aikinmu ya yi mata. Ta zo ranar gwajin. Na ci leshi, na kafa ɗauri, ɗan kunnen gwal ɗina mai siffar ganye guda ɗaya yana lilo.

Faranti na farko lafiya, na biyu da na uku lafiya. A na huɗu na kai loma, sai ƙaras. Har cikin ƙwaƙwalwata na ji ta.

Da na yi shiru na ɗaga farantin, da abin ya zo da sauƙi. Amma ga baƙuwa, ga bita na cina. Na miƙe tsaye, na ɗaga tsakuwar sama.

“Hajiya, kin gani? Wannan ba laifin shinkafa ba ne, halin mai ita ne. Mace ce mai son jiki. Na rantse a ƙasa ta shanya. Ko 'yar uwata ce, ciki ɗaya, yau buhunta ya fita. Ladi, ɗaga farantin.”

Ladi ta kalle ni. “Shugaba, ko mu gama sauran tukuna?”

“Ɗaga.”

Ta ɗaga. Ganyen gwal.

Na kai hannu zan ja gyale in rufe kunnena, amma Mama Dooshima, dattijuwar cikinmu, ta riga ni. Ta ɗauki ɗan kunnen, ta kara shi kusa da fuskata, ta ce da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, “Shugaba, wannan ɗan'uwansa yana kunnenka fa. Kai ne mai son jiki ɗin?”

Dariya ta ɓarke. Ladi ta matso ta raɗa min cewa za ta iya cewa ita ta rikita farantan. Wallahi zuciyata ta so. Amma matan nan takwas ni suke kallo, kuma na san in na karɓa, daga ranar ba dokar ba ni.

Na ce, “Ni ce. A fitar da buhuna.”

Hajiya tana share hawayen dariya ta ce, “Ƙungiyar da ke korar buhun shugabarta, da ita zan yi ciniki. Ku ɗaure min takwas ɗin.”

Washegari matan suka cika gidana da trayoyi, wai sun zo taya ni tsinta, amma rabin aikin kwaikwayon jawabina ne. Mama Dooshima har da ɗaga tsakuwa sama. Maigida ya leƙo, ya ga taro, ya ce “to,” ya koma.

Har yau ni ce shugaba, kuma haƙorin nan har yau ba ya son ruwan sanyi. Yanzu kafin in fita duba shanyar kowa, sai na duba tawa. In kuma na ji ƙaras, farantin nake fara ɗagawa kafin in buɗe baki.