Ɗan Takara a Ƙarƙashin Zanina

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da bikin ɗiyar yayata a Yargoje ba, ana dab da zaɓen shugaban ƙasa.

Lokacin ina neman shugabancin ƙungiyar matan unguwarmu a Ƙanƙara. Duk inda mata suka taru sai in miƙe in caccaki masu sayar da ƙuri'a saboda taliya da sabulu. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, matan wata jam'iyya sun zo har ɗakina sun ajiye turmin atamfa mai hoton ɗan takararsu. Na dai ce su kwashe kayansu (a hankali na faɗa, bayan sun kai zaure). Atamfar kuwa mai kyau ce, ba ta zuba. Sai na yi dabara, na mai da ita zanin ciki. Wa zai gani?

Ranar biki aka taɓo hirar siyasa, na samu fage. Na ce, "Kuɗin nan da suke rabawa, na asibitinku ne da makarantar 'ya'yanku! Ni ko tsinke ba na amsa." Hajiya Binta, abokiyar takarata, ta sunkuyar da kai, don kowa ya san ta amshi taliya. Na ji daɗi har cikin raina.

Can masu kiɗan ƙwarya suka ɗauka, aka tura ni fili, ni ƙanwar uwar amarya. Ina cikin cashewa wata ta taka mini gefen zanin sama, ya zame ƙasa. Ban ma ankara ba, sai da na ji guɗa ta koma dariya. Ga ɗan takara shimfiɗe a bayana, da hularsa da murmushinsa, ina ta kaɗa shi dama da hagu.

Hajiya Binta ta matso ta leƙa. "Malama, mi nike gani haka? Mu dai tamu mun dafa mun cinye, ke ko goya shi kika yi!"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Shugabanci ya tafi wurin Hajiya Binta, ni kuma na tashi da sabon suna: Mai Goyon Shugaba.

Darasina ke nan: kafin ki yi wa mutane wa'azi, duba abin da kika ɗaura. In kuwa kin riga kin amsa, to zauna a tabarma ki yi tafi, kada ki shiga fili.