Ɗanasabe da Abincin Jaki

"Daga Jega har Maiyama, in kun samu wanda yaf fi ni Turanci, ku aske mini gemu da reza maras kaifi!"

Wannan ita ce gaisuwar Ɗanasabe ta kowace safiya a kasuwar albasa ta Aliero. Mutumin Sabiyal ne, dillali, gajere, mai tumbi kamar an cusa buhun albasa cikin riga. Ai dole: karin kumallonsa taliyar leda da ƙwai huɗu, ya kora da lemon kwalba, aljihunsa kuwa ba ya rabuwa da biskit da fanke. Turancin da yake taƙama da shi a Legas ya samo shi, inda ya bi motar albasa ya yi kwana tara. Biyar daga ciki, abokina, yana kwance ƙarƙashin motar yana fama da zazzaɓi. Tun daga nan ake ce masa Baturen Sabiyal, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

To, Alhaji Attahiru, shugaban 'yan albasa, yana neman wakilin da zai riƙa raka kaya Kudu, mai jin Turanci. Ɗanasabe ya sa wa muƙamin nan ido har ya ɗinka sabuwar riga.

Ana haka wata ranar kasuwa sai ga likita 'yar bautar ƙasa, mutuniyar Kudu, ba ta jin Hausa ko "zo". Ta zo yi wa jama'a bayani a kan cin abinci mai kyau, don hawan jini da ciwon suga sun yi yawa. Aka taru a babbar rumfa: manoma, mahauta, 'yan kabu-kabu sun jingine baburansu, mata a gefe. Malama Salma, malamar makarantar da za ta yi tafinta, motarsu ta lalace a hanyar Jega.

Ɗanasabe ya ga dama ta zo. Ya ture mutane da tumbi ya fito.

"Alhaji, a bar jiran kowa. Wanga aiki nawa na."

"Kana iyawa, Ɗanasabe?"

"Ni hwa? Ko mahwarki da Turanci nika yi nai!"

Ya juya ga likita ya ce, "Gud monin, sa." La'asar ta kusa, kuma mace ce. Ta yi murmushi ta fara.

Ta ɗaga damin zogale da alayyahu ta ce, "It mo bejitebul." Wato a yawaita cin ganye.

Ɗanasabe bai kama komai ba sai wutsiyar kalmar. Ya gyara hula.

"Ta ce ku bar cin tuwo bisa tabarma. Kowa shi sayi tebur!"

Wani kafinta daga Maiyama ya yi kabbara. Sauran suka kalli juna.

"To ganyen da ke ga hannunta hwa?" in ji wata tsohuwa, Inna Gudiya, mai sayar da daddawa.

"Na share teburin na, Inna. Ki bari masu ilimi su yi magana."

Likita ta ci gaba. Ta ce a rage "sinaks", ɗan abin taɓawa da ake ci tsakanin abinci da abinci. Ɗanasabe ya tuna ya taɓa jin irin wannan kalma a Legas, ranar da maciji ya sa aka watse da gudu a tasha.

"Ta ce ku rage cin macizai."



"Wa ka cin maciji cikinmu?" in ji Mamuda mahauci.

"Ba ta hwaɗi suna ba. Amma mai yi ya san kainai."

Kowa ya saci kallon na kusa da shi. Wani ma har ya ɗan matsa.

Sai likita ta ɗaure fuska, ta ɗaga yatsa, ta ce, "Aboid janki fud!" Nufinta a guji tarkacen nan na leda da kwalba da soye-soye, masu cika ciki ba amfani. Ɗanasabe ya ji "janki", zuciyarsa ta ce ai wannan Hausa ce ma, hanci kawai aka sa mata.

"Ta ce, don Allah don Annabi, ku bar cin abincin jaki."

Kai! Rumfa ta ɗau zafi.

"Ashe mu jakkai na?" Mamuda ya miƙe. "Ta zo tun daga Kudu ta ce muna cin dusa da harawa?"

"Ni manzo na kawai," in ji Ɗanasabe, gumi na tsattsafo masa.

Likita ta ga an harzuƙa, ta zaci ba a gane ba ne, sai ta nemi misali. Ga misali kuwa tsaye a gabanta. Ta nuna aljihun Ɗanasabe inda ledar biskit ta leƙo, ta zaro ta, ta zaro fanke biyu, ta ɗaga sama. "Janki fud," ta ce. Sannan ta nuna tumbinsa.

Wannan kam ba ya bukatar tafinta. Inna Gudiya ta rangaɗa guɗa.

"Ashe jakin a gabanmu yake!"

Dariya ta ɓarke har Alhaji Attahiru ya rufe baki da hannun riga. Ɗanasabe ya ɗaga murya: "Ta ce ku yi koyi da ni!" Ba wanda ya ji shi.

Da mai hankali ne, da ya sulale a nan. Amma gogan ya tsaya, wai zai farfaɗo da martabarsa da kalma ta gaba. Likita ta ce a rage yawan "kabohaidiret", irin su shinkafa da burodi da tuwo mai tudu. Ɗanasabe ya ji "kabo", ya yi farat.

"Ta ce ku rage hawan kabu-kabu! Shi ka kawo hawan jini!"

'Yan kabu-kabu kusan ashirin suka taso kamar zuma. Shugabansu Anas yana cewa sai likita ta faɗi wanda ya aiko ta ta kashe musu sana'a. Baiwar Allah ta rungume jakarta tana rarraba ido.

A daidai nan Malama Salma ta iso. Ta yi magana da likita, ta ji ta bakin jama'a, ta dafe kai. Cikin minti biyar ta warware komai: babu tebur, babu maciji, babu jaki, babu babur. Likita ta yi dariya har da hawaye, Mamuda ya ba ta haƙuri, Inna Gudiya ta ba ta daddawa kyauta.

Alhaji Attahiru ya dafa kafaɗar Ɗanasabe. "In na tura ka Kudu, kana sayar da direba ka dawo da albasar. Zauna gida."

Ɗanasabe ya tattara rigarsa ya nufi bakin titi, ba ya so ya haɗa ido da kowa. Ya ɗaga hannu.

"Kabu-kabu! Sabiyal!"

Anas ya tsaya a gabansa, ya dube shi daga hula har takalmi, ya dubi tumbin, ya girgiza kai cikin tausayi.

"A'a, Bature, ba ni kashe ka. Likita ta hana ka kabohaidiret. Taka da ƙahwa."