Yadda Aka Kusa Fitar da Ni Daga Bajekolin 'Yata

Ba zan taɓa mantawa da daminar nan ba, wadda kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi har mu mutanen Karu da ke gefen Abuja muka koma tunanin ko zuwa barka ma dole ne. Ruwa kullum, laka har idon sawu, kowa ka gani fuska a murtuke. A gidanmu kuwa da ƙarin wani hadarin, don a shekarar ce babbar 'yata ta ajiye aikin banki ta ce ita zane za ta yi. Babansu, mai shagon atamfa a kasuwar Utako, ya daɗe yana amsa gaisuwarta da ka kawai. Daga baya ya yanke hukunci: ya ba ta zuwa ƙarshen shekara, in zanen bai zama sana'a ba, ta kwashi takardunta ta koma neman aiki kamar 'ya'yan mutane.

Sai na yi muku wani bayani, in ba haka ba za ku ɗauke ni muguwa. Ita ce 'yar fari, kuma sunan surukata aka sa mata. Mu yadda aka raine mu a Zariya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In aka ce miki ɗanki ya yi kyau, sai ki ce ina kyau a nan. Tun da na haife ta "ke" nake ce mata, in ba ta kusa kuma "yarinyar nan". (Ko a nan ba za ku ga sunan ba. Da girmana na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, amma ba don wannan na koya ba.) Ƙanwarta Safiya kuwa, sunanta har ya kusa suɗewa a bakina.

Makaɗa da mawaƙa take zanawa, amma ba irin na talabijin ba. Akwai tsoho mai yi wa mahauta kalangu a nan Karu, akwai wasu mata a Kuchigoro da rikici ya koro daga garinsu, masu waƙa suna daka, akwai makaho mai kukuma a tashar Utako, har da wata mai ba da waƙa a coci. Sai ta wuni a wurinsu, ta dawo tana warin hayaƙin ƙona ƙafar saniya ko na baƙin mai. Ban taɓa ce mata komai ba. Amma da ta fita sai in ɗauki tsintsiya in shiga ɗakinta, in tsaya ina kallo har tuwo ya kama. A daminar nan babu ɗakin da ya sha shara a gidanmu kamar nata.

Ana nan sai wata Madam mai gidan nuna zane-zane a cikin gari ta ba ta dama ta wuni ɗaya. In abin ya yi wa Madam, za ta bar zanen a bango har ƙarshen shekara, ta haɗa ta da masu saye, ta kuma ba ta ɗakin aiki. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa. Duk gidan mun san wannan wunin shi ne hukuncin babansu. Ni dai ina jin ana ta Madam, Madam, ban taɓa ganinta ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka isa, ni da Safiya. Muna shiga aka janye ta rabon lemo, aka bar ni ni kaɗai cikin mutane masu riƙe da kofuna suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Na lallaɓa na tsaya gaban zanen mai kalangu. Ba kiɗa yake yi ba a ciki. Kalangun na hammata, sandar kiɗan ta sauka, shi kuma yana kallon gefe kamar mai jiran a tuna da shi a ba shi abinci. Har jijiyar bayan hannunsa ta fito. A gida na gan shi ba adadi, amma a nan, da fitila a kansa, sai na ji idona na neman tona mini asiri. Na shiga gyaran hijabi.

Sai ga wata 'yar gajeriyar mata, kai a aske, doguwar rigar atamfa, silifas na roba. Na ɗauka irina ce, cincin ya kawo ta. Ta tsaya kusa da ni ta yi ajiyar zuciya, ta ce da Hausarta ta Abuja, "Mama, ka ga aiki? Wannan yarinya, Allah ya ba shi hannu."

Da zagin zanen ta yi, da na san yadda zan yi da ita. Amma yabo, a gabana, ido da ido? Bakina da kansa ya buɗe.

"Wane aiki? Ɓarnar fenti dai."

Ta juyo ta dube ni. "Bai yi maka ba?"

"To, ga shi nan dai. Dubi hancin, kamar an taka gauta."

"Ka san mai zanen?"

"Ina dai ganinta a unguwa."

"Ni na ji an ce ya bar aikin banki saboda wannan."

"Ƙuruciya ce," na ce, a hankali, da murmushina. "Wasa take yi. Gobe in aka kira ta wani ofis, ko buroshin ba za ta tsaya wankewa ba."

To ku ji yadda ake yi a wurinmu. Ke uwa ki ture yabon, mai yabo ta sake turo miki, ta ce haba, kina dai faɗa ne, ta ƙara da wani a kai. Ki sake turewa, ta sake turowa, ki koma gida cikinki fal kamar kin ci tuwon sallah. Na tsaya ina jiran a turo mini. Matar nan ba ta turo komai ba. Fuskarta ce ta canja, ta ɗaga hannu ta yafito wani dogo mai baƙaƙen kaya da ke bakin ƙofa.

"Wannan mama ya zo ɓata wa mutane kasuwa. Tambaye shi wa ya gayyace shi."

Dogon ya ce, "To, Madam."

Ashe ita ce Madam ɗin. (Ni a tunanina Madam sai da gashin doki da takalmi mai tsini. Wa ya ce masu gida su riƙa yawo da silifas?)

"Hajiya, wa ya gayyace ki?"

"Yarinyar nan."

"Wace yarinya?"

"Mai... wannan ɗin."

"Sunanta?"

Na dubi ƙasa. Na dubi sama. Na leƙa ko zan hango Safiya, ta yi ɓatan dabo da farantin lemonta. Sunan yana nan a bakina, na san shi tun kafin mai shi ta san kanta, amma ya ƙi wuce haƙora.

"Hajiya, kin ce ita ta gayyace ki, kuma ba ki san sunanta ba?"

"Na sani."

"To faɗi."

"Ba na faɗa."

Wani mai gilashi a gefe ya yi dariya cikin kofinsa. Sai dabara ta zo mini: ai ta sa hannu a kusurwar zanen. Na miƙa yatsa na dangwala a kan sunan, na ce ga shi nan, karanta da kanka. Ashe taɓa zane a wurin nan ya fi zagin uban mutum laifi. Dogon ya yi tsalle ya tare ni, Madam ta dafe kai, mutane suka fara matsowa da kofunansu.

"Hajiya, mu je waje, don Allah, ba na son in ja ki."

Muna haka sai na ji murya a bayana. "Oga, dakata. Ni ne mai hancin gauta."

Na waiga. Tsohon cikin zanen ne da kansa, Baba Audu, da kalangunsa a hammata, an gayyato shi ya yi kiɗan rufe taro. Ashe tun farko yana tsaye a bayana. (Kuma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, hancin haka yake. Yarinyar ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.)

Ya ce, "Na tsufa a gidajen biki. Duk matar da ka ga tana kushe amarya, kuma ta kasa ɗauke ido daga kanta, ita ta haife ta. Hajiya, ƙarya na yi?"

Da ya tsaya nan da na yi masa addu'a har ƙarshen rayuwata. Amma maroƙi ba ya ganin taro ya bar shi. Sai ya matse kalangu ya saki kiɗa, ya ɗaga murya: "Ga uwar mai zane, giwa mai ɓoye ɗanta a bayan kara. Baki na cewa ɓarnar fenti, zuciya na taka rawa." Ya bi ni da shi, na ja baya, ya ƙara matsowa. Duk gidan ya taru a kaina, wayoyi a sama. Ni da ko a bikin ƙanwata ban taɓa shiga fili ba.

Cikin haka yarinyar ta ratso mutane, ta durƙusa ta ce, "Umma, lafiya?"

Madam ta dube ta, ta dube ni. "Mamanka ne? Ya ce wasa kake yi. Ya ce in ka samu ofis gobe ka tafi." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Na ga fuskar yarinyar ta faɗi, sannan ta tattaro ta ta mayar, don an riga an miƙo mata abin magana, ana son ta gaya wa jama'a abin da ya sa take zana makaɗa.

Ta ce tana ƙarama aka je wani biki a Karu, Baba Audu ya tambaye ta sunanta, ya sa shi a kiɗa. "Ranar na fara jin sunana da daɗi," in ji ta, tana dariya, "don a gidanmu sunana Ke." Aka kwashe da dariya, aka juyo ana kallona. Ta ce tun daga nan take lura da masu kiɗa: suna ƙare rayuwarsu suna kiran sunayen mutane, su kuwa ba mai tambayar nasu, in an gama rawa sai a ce a kai wa mai kiɗa abinci waje. Shi ya sa take zana su daidai lokacin da kiɗa ya tsaya, ta rubuta sunan kowa a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Aka yi tafi. Ni ma na yi, a cikin hijabi. Da aka tashi, Madam ba ta ce a bar zanen ba, ba ta ce a sauke ba. Cewa ta yi kawai, "Za mu yi magana," ta shige ofis.

Muka hau mota zuwa gida. Can Safiya ta ce, "Umma, ai da kin bari maƙiya sun yi aikinsu da kansu." Yayarta ta ce mata ta yi shiru, ta kuma biya mini kuɗin mota, abin da ya fi mari zafi.

Abin da na koya, kuma na koye shi da tsada: alkunya sai a gaban wanda ya san ta. A gaban wanda bai san ta ba, sunanta sharri, kuma da shaidu.

Washegari da sassafe, ana yayyafi, na ce wa babansu zan je dubiya. Na hau motar cikin gari ni kaɗai. Dogon nan na ganina ya miƙe tsaye, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yau hannuna na cikin hijabi. Na sami Madam tana shan shayi. Na ƙi zama. Na kafa idona a kan silifas ɗinta, na fara kamar mai biya hadda: cewa yarinyar nan tun tana rarrafe take zane da gawayi a bangon mutane, cewa takan manta da abinci in tana aiki, cewa bankin sun aiko a dawo da ita ta ƙi, cewa ni uwarta ban taɓa ganin hannu irin nata ba, kuma duk abin da na faɗa jiya al'ada ce ta yi magana, ba ni ba. Gumi har bayana, da sanyin nan.

Madam ta ajiye kofi tana ta dariya har da share hawaye. Ta ce su a garinsu uwa ce ke fara guɗa. Ta ce in gaya wa yarinyar zanen na nan a bango, ta zo Litinin ta karɓi makullin ɗaki.

Na yi godiya na juya, sai ta ce, "Mama, tsaya. Wace yarinya? Faɗi sunanshi."

Na dubi ƙofa, na tabbatar ba kowa. Na faɗa.

"Ban ji ba."

Na ce, "Madam, wannan kuma tsakaninki da kunnenki ne." Na buɗe lemata na fita.