Ranar da Na Shaƙi Rabon Ɓeraye

Komai zan iya mantawa da shi, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai a Moshi Zango ba.

Ana dab da samun 'yancin kai ne, ina aiki a wani ɗakin gwaji a Bantama. A unguwarmu Alabar kowa "malamin asibiti" yake ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiyar magana, ɓeraye nake kiwo. Likitanmu yana son ya gano ko ruwan nan da masu wankin kwat ke cire tabo da shi yana sa wa hanta ciwon daji. Kullum sai in zuba fararen ɓeraye a akwatin gilashi su shaƙi tururinsa, su fito suna tangaɗi. (Har dariya nake musu, Allah ya yafe mini.)

Ran gaisuwar na aro farar babbar riga, sai manja ya ɗiga a ƙirjinta. Wayona ya ce ai ga magani a wurin aiki. Na biya ta can na tuttula mata ruwan nan, tabo ya ɓace. Har na jiƙa hankici na cusa a aljihun gaba, wai ko tabon zai dawo.

Baba Salifu, mahaifin Hajara da nake nema, ya karɓe mu ni da kawuna a wani ɗan ɗaki, taga a rufe. Kun san suruki ba ya ɗaga kai. Na durƙusa na sunkuya, hancina daidai bakin aljihu, su kuma suka shiga gaisuwa har da tambayar dangin da ke Salaga. Na ji ɗakin ya fara juyawa. Kunya ta hana ni motsi, sai farkawa na yi na gan ni rungume da ƙafar Baba, fuskata cikin kwanon goro.

"Ei, Malam, yaron ka giyar akpeteshi ya sha?" in ji Baba. "Yana wari paa. Ni ba na ba mashayi yarinya na."

Kawu ya yi rantsuwa har ya gaji. Ni dai na ji Hajara ta kuɓuce mini. Ba yadda na iya, washegari na kai Baba wurin aikin da nake ɓoyewa. Ya daɗe yana kallon ɓeraye suna layi a cikin gilashi.

"Na yarda ba giya ba ne," ya ce. "Amma su kulle su aka yi suka shaƙa. Kai wa ya kulle ka?"

Ya ba ni Hajara. Sai dai har ya rasu, in na durƙusa gaishe shi sai ya janye ƙafarsa, ya ce a buɗe taga. Na dai koyi cewa abin da ya juya kan ɓera, nawa kan bai fi ƙarfinsa ba. Hantata kuwa har yau lallaɓa ta nake yi.