Wuyan Hannun Manyan 'Yan Wasa

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na zama gwarzon tanis, ni da ƙwallona da ƙyar take tsallake raga.

Hajara ce ta ja mini. Iyayenta suna Garwa, don haka maganar aurenta tana hannun yayanta Bashiru a nan Libreville, shi kuwa ba ya ganin kowa da gashi sai mai buga tanis. Ni mai butik ne a Akébé, caja da murfin waya nake sayarwa. Sai na sayi raket da fararen kaya, har da ɗan ƙyallen ɗaure goshi, kowace Lahadi ina fili kusa da shi. (Gaskiya rabin lokacin bidiyon kaina nake ɗauka ina sawa a sitatus, saboda Hajara tana kallo.)

Ana haka wuyan hannuna na hagu ya fara ciwo. A asibiti suka cusa ni cikin injin hoton nan da suke kira IRM, mai ƙara kamar injin markaɗe. Likitar ta ɗaga hoton ta ce, "Irin wannan kumburin jijiya a hannun manyan 'yan tanis muka fi ganinsa. Ka dawo mu bincika sosai."

Manyan 'yan tanis! Ban ji sauran ba. Wallahi ban taɓa murna da ciwo irin ranar ba. Na nuna wa direban taksi hoton. Na rataye shi a ƙofar butik inda haske ke dukansa. Na naɗe bandeji har gwiwar hannu, duk wanda ya zo sayen caja sai ya sha bayanin jijiya.

Da Bashiru ya ji labari, ya ce, "Ashe kana ƙoƙari haka? Ni zan kai ka randebu wurin likitar da kaina." Na ce a raina aure ya ɗauru.

Muna zama likitar ta tambaye ni da wane hannu nake riƙe raket.

"Dama," na ce, ina gyara zama.

"To kana haɗa hannu biyu wajen mayar da ƙwallo?"

Kafin in buɗe baki Bashiru ya ce, "Bai iya ba tukuna."

Ta dubi hoton, ta dube ni. "Me kake yi da hagun ke nan?"

Bashiru ya zaro wayarsa a hankali, ya buɗe sitatus ɗina, ya miƙa mata. Ga ni nan, raket a kafaɗar dama, hagu a miƙe sama da waya, a karkace, ina murmushi. Ya wuce na gaba, haka. Na gaba ma haka. Likitar ta danne dariya har ta ƙware. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

A mota na ce, "Yaya, don Allah kar Hajara ta ji." Ya ce ai ya riga ya tura mata.

An dai ba ni ita, amma har yau duk dangin "Shampiyon" suke kirana, kuma ranar biki ni aka miƙa wa waya in ɗauki kowa, wai ni ne gwani. Tun daga nan, in likita ta fara magana, sai ta kai aya nake murna.