Rasuwar Malam Tabbas, Mai Faɗa Wa Balbela Labarin Sama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Injiniya Abdulƙadir Manniru na Kurudu, Abuja, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, musamman 'yan ƙungiyar tuƙa jirgin sama marar inji da ke filin bayan Orozo, rasuwar amininsa kuma abokin tafiyarsa, Malam Tabbas. Marigayin ya cika ranar Asabar ɗin da ta wuce, a tsakiyar gonar doya, jiƙe sharkaf, da ƙarya a bakinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Tabbas ɗan baƙin akwati ne da bai wuce sabulun wanki girma ba, ana maƙala shi a gaban matuƙi. Jirgin da Abdulƙadir ke tuƙawa, wanda ake kira Balbela, ba shi da inji ko na keken ɗinki. Mota ce ke jan sa da doguwar igiya har ya ɗaga, a saki igiyar, daga nan kuma sai yadda iska ta yi da kai. Mai irin wannan jirgi ba ya iya taka wuta ya tsere wa hadari. Labarin yanayi shi ne ransa, kuma wannan ne aikin marigayi. Akwai dogon ƙarfe da ƙungiya ta kafa a kan kwantenar filin, mai auna iska da jiyo walƙiya tun daga nesa. Ƙarfen ya aiko wa Malam Tabbas, shi kuma ya faɗa wa matuƙi a kunne.

Marigayin mutum ne mai ƙarancin magana. Idan iska mai ɗumi ta ɗauki jirgin sama, sai ya yi ta murna, "ti-ti-ti-ti!" Idan jirgin na nutsewa, sai ya ja dogon tsaki, "buuuu." Idan kuwa aka danna masa maɓalli aka tambaye shi, yakan amsa da muryar tsohon Bature mai fama da mura: "Wind calm, sky clear," wato iska lumui, sama garau. Wata rana, rana tarwai, babu ko ƙyallin girgije, ya ce hadari na tafe, a sauka. Abdulƙadir ya sauka ana yi masa dariya. Ba a gama dariyar ba iska ta ɗauke rumfar filin ta kai ta gonar mutane. Ranar aka raɗa wa akwatin suna Tabbas.

Tun daga nan Abdulƙadir ya miƙa wuya. Zai wanke mota, sai ya tambayi Malam Tabbas. Ranar sunan 'yarsa Najwa, sai da aka kai shi har filin aka tambaye shi kafin a kafa rumfa. Marigayin bai taɓa kwana a jirgi ba, a aljihun gaba na mai shi yake komawa gida, a goge shi da hankici, a sa masa caji kafin a sa wa waya. Jama'a, ko ɗan cikin mutum iyakar gatan da zai samu ke nan.

Sai dai uwargidan Abdulƙadir, Hajiya Muhibba, ba ta taɓa yarda da wannan sana'a ta ƙarshen mako ba. Kowace Asabar tana zuwa filin sayar wa 'yan ƙungiya zoɓo da kunun aya, amma bayanta take juya wa jirgin. Cewarta, magidanci mai iyali ba ya hawa abin da babu inji, sai in ya gaji da su ne. Shekaru yana roƙon ta ta hau sau ɗaya tak, ta ga abin da yake gani. Da roƙon ya ishe ta, ta tambaye shi me ya dogara da shi a can sama, bayan Allah. Ya zaro marigayin daga aljihu. A gaban Nicholas, abokinsa mai tuƙa motar jan jirgi, ya ce ranar da wannan akwati ya yi ƙarya, ranar zai bar tuƙi har abada. Ta ce ya maimaita da wallahi. Ya maimaita yana dariya, ita kuma ta ce to, Asabar mai zuwa za ta hau.

Farkon damina ne, safiya fes. Hajiya ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta karanto duk addu'ar da ta sani, aka ɗaure ta a kujerar gaba. Nicholas ya ja, Balbela ta ɗaga. Da farko idonta a rufe yake gam. Can ta buɗe ɗaya. Ta ga duwatsun Karshi, ta ga rufin gidajen Kurudu na ƙyalli, har ta rantse ta hango tankin ruwansu. Ta yi dariya, a sama, a cikin abin da babu inji! Abdulƙadir ya ce tun ranar aurensu bai ji daɗi irin na wannan lokaci ba.

Sai ta nuna gabas ta ce, "Abban Najwa, can fa ya yi baƙi." Shi ma ya gani, ai ba makaho ba ne. Ya danna maɓalli. "Wind calm, sky clear." Ya sake dannawa. Muryar nan dai, a natse, ko gezau. Sai ya ce mata ta kwantar da hankalinta, hadarin wucewa zai yi ta gefe, da na nan ne da Malam Tabbas ya faɗa. Ya ajiye idonsa da Allah ya ba shi, ya ɗauki maganar amini.

Iskar da ta iso ba ta yi sallama ba. Ta ɗaga su, ta maka su, ta juya su kamar waina. Komawa fili ya gagara. Da ikon Allah da abin da ya rage a hannun Abdulƙadir, Balbela ta sauka a kunyoyin doyar Baba Bartholomew, fiffike ɗaya ya karye, murfin gilashi ya tsage, ruwa ya kece a kansu. Babu wanda ya ji ciwo, sai takalmin Hajiya ɗaya da har yau ba a gani ba. A cikin wannan ruwa, ana tsawa, ƙanƙara na dukan su, marigayin ya yi kalamansa na ƙarshe: "Sky clear... sky cl... sky..." Daga nan bai ƙara motsi ba. Baba Bartholomew ya iso da adda da lema, ya dubi ɓarnar ya ce, "Oga, sannu. Amma wannan jirgi ya kashe doya na, ba ƙarami ba."

An yi iya ƙoƙari. An binne shi a cikin shinkafa don ta tsotse ruwan. An shanya shi a rana. An kai shi wurin mai gyara a Karu, ya buɗe shi ya ce ruwa ya gama da shi, amma kafin ruwan lafiyarsa lau. Abin da ya gano shi ne, tun cikin bazara marigayin bai ƙara samun saƙo daga ƙarfen filin ba. Haka kuma aka ƙera shi: in sabon labari bai zo ba, sai ya yi ta maimaita na ƙarshe da ya ji. Watau duk Asabar ɗin nan labarin safiya ɗaya yake bayarwa, wata safiyar bazara da ta daɗe da wucewa. Da yake rani ne, kullum sama garau ɗin take, babu wanda ya lura.

Abdulƙadir ya tafi kwantena ya bi wayar ƙarfen da hannu har ƙasa. Ya tarar da filogin a yashe, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. A soket ɗin kuwa, wanda shi kaɗai ne ke kan sola, farin filogin firizar zoɓo ne zaune daram. Ashe lokacin zafin nan da zoɓo ke tsami kafin azahar, Hajiya ta tambayi inda za ta jona firiza, Nicholas ya ce, "Madam, cire baƙin nan, ba ya yin komai."

Ya koma gida da wannan hujja, yana ganin rantsuwarsa ba ta hau kansa ba, tunda ba ƙarya aka yi ba, yanke wa bawan Allah labari aka yi. Hajiya ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce filogi dai ita ta cire, a yafe mata. Sannan ta tambaye shi, wanda bai ji komai ba amma ya buɗe baki ya yi magana kamar ya ji, mene ne sunansa? Ta ƙara da cewa ita ce a kujerar gaba, kuma Najwa na gida tana jiran su biyun.

Abin da ke cin Abdulƙadir ke nan. Ba Nicholas yake jin haushi ba, ba Hajiya ba. Kai, Malam Tabbas! Mutumin nan ya ɗauke ka a aljihun da ke kan zuciyarsa. Ya sa ransa da na matarsa a bakinka. Me zai rage ka da shi in ka ce ba ka sani ba? Ko shiru ka yi, da ya juya ya sauka. Amma ka dake, ka daidaita murya, ka ce masa sama garau. Wannan cin amana ne, kuma Abdulƙadir ya ce a rubuta haka, kada a sakaya.

Marigayin ya rasu ya bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da abin sawa a kunne, da mariƙinsa da ke manne a jirgi har yanzu. Ya bar Balbela tana jinyar fiffike, da ƙarfen kwantena da ke ta aiko da labari babu mai karɓa. Ya kuma bar Abdulƙadir a ƙasa. Rantsuwa ta tabbata, ya miƙa wa ƙungiya jirgin. Daga yanzu shi zai riƙa tuƙa motar ja, Nicholas ya hau sama.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a gindin kwantena. Ba za a yi masa salla ba, liman ya ce a daina wasa da shi. Za a sa shi a kwalin da ya zo a ciki, Baba Bartholomew ya yi alkawarin kawo fartanya. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ce Allah ya musanya da mafi alheri, kada kuma wani ya zo da sabon akwati, ba a buƙata. Hajiya Muhibba za ta raba zoɓo mai sanyi, daga firizar da aka sani.

A fili za a zauna, babu rumfa. Ko za a yi ruwa ranar, babu mai faɗa mana. Kowa ya ɗaga kai ya duba da idonsa kafin ya fito, ya riƙo lema. A riƙo wa Abdulƙadir guda, don tun ranar da abin ya faru bai ƙara kallon sama ba.