Karen Mudi a Ƙasar Ƙanƙara

Jama'a, ku yi mini afuwa idan rubutun yau ya zo muku da taɓo a jiki. A layin turumba, wato gidan mai, na fara shi, zaune a kan jarkata, don a daminar bana amfanin jarka a Gadarif ke nan, a zauna a kanta. Tun da aka sallame asuba muke layin jaz, man dizal ke nan, ni da maƙwabcina Mudi. Rana ta fito ta same mu, mai shayi ta sayar ta ƙare ta wanke kofunanta, layi ko motsi. Mai turumba ya leƙo ya ce tanka tana hanya. Wannan tanka, Allah ya kawo ta lafiya, tun ina da baƙin gashi take hanya.

Muna nan sai ga wata farar mota boksi irin ta ofis ta ratso layi tana fesa mana laka. Direba ya sauke gilashi ya ce, "Ya jama'a, wane ne Mudi?" Kowa ya dubi yatsun ƙafarsa. Mudi kuwa ya shiga salati yana lissafa laifuffukansa. Direba ya ce, "Ya zol, ba kama ka za a yi ba. Kare ne ke nemanka a waya."

To bari in koma baya saboda waɗanda ba 'yan unguwarmu ba. Mudi yana da kare baƙi wuluk mai yagaggen kunne, sunansa Duna. Ɗan kwikwiyo ya tsince shi a bakin tafki. Kowace kaka idan ya tafi gadin tarin dawa a wani mashru'i, wato babbar gona, can Gadambaliya, tare suke tafiya su dawo tare. Mai gonar nan kuwa ba kowa ba ne sai Mai Girma Uban Ganguna, Allah ya ƙara wa kujerarsa ƙarfi, shugaban kwamitin da ke raba wa manoma jaz. Mutum ne mai adalci, ban taɓa ganin ya fifita wani talaka a kan wani ba. Kowa hana shi yake yi.

Saboda wannan ƙoƙari nasa aka saka masa da tafiya wata ƙasa mai ƙanƙara, inda daminarmu ce lokacin sanyinsu, wai ya je ya ƙaro ilimin rabon mai. Ana shirin tafiya wani ya tsegunta masa cewa a can wanda ba ya jan kare ko gaisuwarsa ba a amsawa. Sai ya tuna da Duna, ya aika a tambayi Mudi nawa zai sayar. Mudi ya ce a'uzubillahi, shi ba ya cin kuɗin kare. Ubansa bai ci ba, kakansa da ya tako daga Katsina da ƙafa a hanyar Makka bai ci ba, ba a kansa za a fara ba. Ya ba da kyauta, zuciya na ciwo. Abu ɗaya ya roƙa, in damina ta faɗi a tuna da shi da ganga guda ta jaz, tarakta ta shiga 'yar gonarsa. Mai Girma ya dafa ƙirji ya ce, "Wannan a wuyana yake." Wuyan kuwa akwai shi, masha Allah.

Ku zo ku ga aiki da cikawa! Likitan dabbobin da tunkiyata ta mutu tana jiransa, shi ya zo har ƙofar Mudi da jakarsa. Aka yi wa Duna allura, aka yi masa wanka da sabulu mai ƙanshi, aka ɗauke shi hoto, aka buga masa fasfo, aka sa shi a keji sai jirgi. Mudi da ya raine shi ko Khartoum bai taɓa gani ba.

Damina ta faɗi, ganga shiru. Wanda ya san ƙasarmu ya san ba ta jira. Baƙar laka ce, da zarar ruwa ya yi nauyi tarakta ba ta sake shiga gona sai baɗi. Masu tarakta kuma bana magana ɗaya ce a bakinsu, kawo jaz ɗinka mu tafi. Ga hadari kullum yana haɗowa daga wajen Basunda. In Mudi bai shuka a 'yan kwanakin nan ba, shi da Maiturare matarsa da 'ya'yansu ba su da dawa bana. Abin da ya zaunar da mu a layi ke nan.

Na ce wa direba ni tafintan Mudi ne, na faɗa mota. Gaskiya Larabcin Mudi ya fi nawa, sanyin motar nake so. A hanya direba ya kwance mana bakin jaka. Ashe tun da aka sauka can ƙasar ƙanƙara Duna ya ƙi cin abinci sai abin da ba a rasa ba, ya rame ya lalace. A ƙasar nan kuwa kare ya rame magana ce ta hukuma. Wata tsohuwa maƙwabciyar Mai Girma ta riga ta kai ƙara, an zo an duba, an ce in aka dawo aka tarar bai yi ƙiba ba sai kotu.

Wallahi daɗi ya kama ni har kunne. Na matsa kusa da Mudi na ce, "Ɗan'uwa, yau Allah ya kama maka su. Kar ka ce wa karen nan ko uffan sai ka ga ganga a bayan motar nan da idonka. Ka ji ni?"

Ya ce, "Na ji, Yaya Haladu."

"Ko ya yi kuka?"

"Ko ya yi waƙa."

A ofis muka tarar da wanda ya gaji kujerar, Ƙaramin Mai Girma, wanda aka zaɓo saboda cancanta kuma aka yi sa'a surukin babban ne. Janareta na ruri a waje yana shan jaz ɗin da babu, don mutum ɗaya ya sha iska. Aka jingina waya mai nuna fuska a jikin tiren shayi, sai ga Uban Ganguna, hula har kunne, hanci ja wur.

Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. "Ya Mudi, karenka zai kashe ni! Na saya masa riga, na saya masa takalma saboda ƙanƙara, na sayo abincin gwangwani mai hoton kare yana dariya. Ya shinshina ya juya mini baya. Safe da yamma ni ke fita da shi yawo cikin wannan sanyi. In ya yi kashi a titi, ni zan duƙa in kwashe da leda, doka ce!"

Na sa hannun riga a baki kamar tari ya kama ni. Mutumin da ko jakarsa ba ya ɗauka daga mota zuwa ofis! Jama'a, a daina cewa tura manya karatu waje ɓarnar dukiya ce. Ga ilimi nan yana shiga.

Ya ci gaba, "Na kai shi wajen likitansu, wai kewa ce. Na yi masa Larabci, na yi masa yaren ƙasar, ko kallona ba ya yi. Yi masa magana da Hausarku ya ci."

Mudi ya gyara tsayuwa, ya yi masa ranka ya daɗe irin na nan, ya ce, "Sa'adatak, maganar gangar nan."

"Bukra, in sha Allah." Wato gobe, goben da ba ta zuwa.

Na taka masa ƙafa. Mudi ya ce, "Sa'adatak, hadari ba ya jiran bukra. Jaz tukuna."

Ƙaramin Mai Girma ya dube mu kamar akuya ce ta yi sallama. Can babban ya ja numfashi ya ce, "Tayyib. A ba shi." Da idona na ga suruki ya zaro alƙalami daga aljihu. Tun da nake, ban taɓa ganin alƙalamin ofis ya fito saboda talaka ba, har ƙwalla ta taru mini.

Sai babban Mai Girma ya juya wayarsa daga can. Ko da gangan ne ko hannunsa ne ya gaji, Allah masani, amma ni na san wanda nake zargi. Ga Duna kwance a kan kafet cikin wata riga mai zane-zane, kai a kan ƙafafu, rigar ta yi masa yawa. Ta ƙasanta kana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

Na ji Mudi ya ce, "Kai, Duna!" Ba shi ya yi niyya ba, fita ta yi. Kare ya ɗaga yagaggen kunnen nan, ya miƙe yana tangaɗi, ya zo yana lasar waya yana wani siririn kuka. Na taka ƙafar Mudi, na mintsine shi, na ja masa riga, ina! Ya riga ya durƙusa gaban tiren shayi.

"Haba Duna, haba ɗan banza, wa ya ce ka kashe kanka? Ci mana!" Sai ya juya ga Mai Girma. "Sa'adatak, ba ya cin abin gwangwani. A nemi garin dawa a tuƙa asida, a bar ta ta kwana, a zuba ɗan romo. Kar a sa a kwano, a ajiye masa a ƙasa a bakin ƙofa. Kuma a daina tsaya masa a kai, ba ya ci ana kallonsa. A cire masa rigar nan in yana cikin ɗaki."

Kaf ya zazzage, bai rage ko ƙwaya ba. Mai Girma ya ture naman gwangwanin a ƙasa ya koma bayan ƙofa don gwaji. Mudi ya ce, "Ci, Duna," Duna ya sa baki. Muna kallo ya lashe tas. Mai Girma ya yi hamdala, ya sa wa Mudi albarka, ya ce lalle Hausawa mutanen amana ne, sai waya ta ɗauke. Na waiga wajen suruki, alƙalami ya koma aljihu. Ya ce maganar ganga tana buƙatar zaman kwamiti, mu leƙo bukra.

Direba ya ce ma'alesh, mu yi haƙuri, man da aka ware na ɗauko mu ne, ba a ware na mayarwa ba. Muka kamo hanya a ƙasa. Ba mu kai kasuwa ba sama ta ɓalle, irin ruwan nan mai nauyi da kowane manomi ya san ma'anarsa. Laka ta cinye mini takalmi ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na juya na balbale shi da faɗa, na ce ganga tana hannunka ka sake ta saboda kare, karen ma da ba naka ba yanzu, me za ka gaya wa Maiturare? Ya share ruwan da ke zuba a fuskarsa. Sai ya ce, "Yaya Haladu, ka ga haƙarƙarinsa kuwa?" Na ce na gani. Ya ce, "To ai ya ci."

Gaskiya ni ma da aka nuna shi sai da tausayi ya kama ni. Manyanmu ba sa buƙatar zuwa ƙasar ƙanƙara neman ilimi, sun gama karance mu tun tuni. A nuna mana haƙarƙarin wani kawai, sai mu manta da namu.

In kun ga Maiturare bana a kasuwar dawa da ɗan kwanonta, don Allah a cika mata mudu har ya zuba. Mijinta yana da kare a ƙasar waje.